Ranar da Fito Ya Ƙafe a Bakin Lionel

Lionel Tweedie ɗan kawuna ne, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, kuma ko a gabansa haka zan faɗa. Shekara talatin da ɗaya yana shiga gasar karnukan kiwon tumaki ta kwarinmu, can bayan garin Taihape, bai taɓa ɗaukar kofi ba ko sau ɗaya. Ni Beryl ni ce mai riƙe agogo da ƙararrawa a gasar, saboda haka duk faɗuwar da ya yi a kan idona aka yi ta. Amma in ka ji shi yana zuba a ɗakin shayi na ƙungiyar masu gasa, sai ka rantse shi ya koya wa karnukan ƙasar nan haushi. Kowace shekara da uzurinsa. Wata shekarar tumakin ne mahaukata, wata shekarar rana ce ta kashe masa ido, wata kuma alƙalin gasa ne ba ya ƙaunarsa tun suna makaranta. Bara kuwa fitsari ya ɗora wa laifi. Ya ce yana tsakiyar aiki mafitsara ta matsa masa lamba, shi ya sa ya yi gaggawa tumakin suka watse.

Abin haushin shi ne karensa Jock babu kamarsa a kwarin nan, kowa ya sani. Baƙi ne mai farin ƙirji, in ya kafa wa tunkiya ido sai ta manta inda za ta. Uwarsa ta mutu yana ɗan kwana huɗu, Lionel ya raine shi da kwalbar madara a cikin tsohon takalmin ruwa a gefen murhu. Har yau sai ya yanka wa Jock nama kafin ya kai nasa baki. Marama Tahau, wadda gonarta ke hayin kogi, mai kofi shida a kan kabad, sau uku tana neman ya sayar mata da karen. Sau uku yana ce mata gara ya sayar da haƙoransa.

Wata Talata a farkon bazara ya buga mini waya wai in zo maza kafin a gama labaran ƙarfe shida. Na ɗauka wani abu ne ya sami matarsa Noeline, na baro tukunya a kan wuta. Ina shiga na tarar da shi ya ja kujera har gaban talabijin, Noeline na tsaye a bayansa ta riƙe ƙugu.

"Zauna, Beryl," in ji shi. "Yau za ki ga abin da zai ba ni kofi."

Aka sako talla. Wani dattijo mai furfura tas da haƙora jere kamar an ƙera, yana tsaye a kan tudu, karnuka uku a ƙafarsa, matarsa na masa murmushi. Da farko an nuna shi yana zarya bayan bishiya fuska a yamutse. Sai ya haɗiyi wata ƙwaya mai ruwan bula, sai ga shi yana haye tudu da gudu, tumaki na bin sa a layi. Wata murya mai laushi ta ce, "Tambayi likitanka ko Zalmora ta dace da kai." Daga nan wata muryar ta yi wani surutu da sauri kamar mai gwanjon shanu, rubutu ƙanana suka gilma a ƙasa, aka wuce tallar taya.

"Kin gani?" Ya buga gwiwa. "Wannan ai ni ne! Har hular irin tawa ce."

"Hular dai," na ce. "Me mutumin nan ya ce a ƙarshe da sauri haka?"

"Surutun lauyoyi ne, ba a saurarar wannan."

Noeline ta ce, "Ni dai na ji kamar ya ambaci baki."

"Ke kullum baki kike ji. Ku mata ba ku san kimiyya ba. Da ƙwayar nan a cikina zan tsaya a fili kamar turke, ba gaggawa, ba matsi. Bana sai dai a yi rigimar na biyu."

Washegari ni na kai shi asibitin gari, don ni ma ina da awon jini. Ba sai na yi laɓe ba, muryar Lionel ba ta san ƙofa ba. Likitarmu, Likita Fonoti, mace ce mai haƙuri, amma ranar na ji haƙurin yana tsagewa.

"Na auna ka, Mista Tweedie, lafiyarka ƙalau. Kofi nawa na shayi kake sha a rana?"

"Ba ya wuce goma sha biyu."

"To ga ciwonka nan. Ka mayar da shi huɗu, ka dawo bayan wata guda."

"Likita, mutumin talabijin cewa ya yi in tambaye ki."

"Ka tambaya, na ba ka amsa."

"A'a, ba irin wannan amsar ba. A tallar likitan murmushi ya yi ya ɗauki biro."

"Ɗan wasa ne, biyansa aka yi ya yi murmushi. Ko da ma kana da ciwon, akwai tsohon magani da gwamnati ke biya, aikinsu kusan ɗaya."

"Tsohon magani? Wanda ba a taɓa nunawa a talabijin ba? In da yana da kirki ai da sun nuna shi. Ni ba na shan na sadaka."

Ya fito yana huci, yana cewa likitocin yanzu ba sa bin ci gaban zamani. Amma Lionel ba ya fushi ya zauna. Ya koma ranar Juma'a da sunan maganin rubuce a bayan kwalin maganin tsutsar tumaki. Ya koma ranar Litinin. Kafin Laraba ya zuga tsofaffi biyar na ƙungiya, kowa ya gano cewa shi ma ashe mafitsararsa ba ta da lafiya, suka cika bencin asibiti har mai ciwon gaske ya rasa wurin zama. Wani ma cikinsu sunan maganin ya ɓace masa, cewa ya yi a ba shi "na dattijon nan mai karnuka uku." Likita Fonoti ta sallami biyar ɗin da wa'azi. Lionel kuwa, da ya zo karo na huɗu ya zauna ya ce ba inda za shi, sai ta gaji ta ɗauki biro.

"Ɗaya tak a rana," ta ce. "Ƙaramar. Tana busar da baki, tana ɗaure ciki, tana iya sa gani ya dushe, kuma ba ta jituwa da zafin rana. In ka ga ɗaya daga ciki ka daina, ka kira ni. Kana ji na?"

"Ras nake ji," in ji shi, alhali idonsa na kan biron.

A kantin magani aka ce dala ɗari da casa'in na wata ɗaya, don ba ya cikin waɗanda gwamnati ke ɗauka. Mai kantin ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Ya biya yana waige-waige ko akwai mai kallo, ya ce da ƙarfi, "Abu mai kyau ba ya araha." Da Noeline ta ga takardar kuɗin sai ta zauna a bakin gado. Injin wankinta wata uku yana tafiya da kansa zuwa ƙofar baya duk lokacin da aka kunna shi, Lionel na cewa babu kuɗin sabo.

Ranar Asabar a ɗakin shayi ya fito da kwalin ya ajiye a tsakiyar tebur, kowa ya gani. Ya yi bayanin yadda ƙwayar ke aiki a jini, ya zana mafitsara da yatsa a cikin sukarin da ya zube. Marama na gefe tana ɓare ayaba har ya gama.

"E hoa," ta ce, haka take kiran kowa, "ƙwayar tana koya wa mutum lokacin da ya kamata ya rufe bakinsa?"

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Lionel suka yi ja.

"Yi dariyarki, Marama. Ke da ba ki iya fito ba sai da usur na roba a baki kamar alƙalin ƙwallo. Ni da bakina tsura nake yi, irin na kakana, wanda in ya yi fito a nan karnukan hayin kogi sai sun miƙe."

"Shi ya sa Jock ke ruɗewa. Karen nan wahala yake sha a hannunka."

"Wahala?" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "To kowa ya shaida! In ban fi ki maki ba bana, ki tafi da Jock. Kyauta! Har da sarƙarsa!"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur iya ƙarfina, na ce, "Ɗan kawu, zauna, shayi ne ya yi maka yawa." Ya fizge ƙafarsa. Marama ta dube shi ta daɗe, ta ce, "Ka tabbata?" Ya miƙa hannu, suka tafa a gaban mutum ashirin. A kwarinmu in an tafa a ɗakin shayi, magana ta zauna.

Kwana uku da fara shan ƙwayar ya zo gidana yana murna wai tun safe bai zaga ba ko sau ɗaya. Na ba shi biskit. Ya tauna, ya tauna, ya ci gaba da taunawa. Da ya buɗe baki zai yi magana sai gari ya feso mini a riga.

"Biskit ɗinki ya tsufa," in ji shi.

"Yau na gasa shi. Bakinka ne ya zama rairayi."

"Alamar tana aiki ke nan. Tana tsotse ruwan banza daga jiki."

Kafin mako ya cika ba fitsari kaɗai ya tsaya ba. Noeline ta ce kowace safiya sai ya shiga bayi da jarida, ya karanta ta tun daga shafin farko har farashin ulu, ya fito yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta dafa masa busasshen 'ya'yan itace, ta ba shi man zaitun a cokali, shiru. Ya ce jikinsa ne ke tara ƙarfi saboda gasa.

Sai ido ya bi. Na wuce ta kan hanyarsu na same shi a bakin titi yana hira da akwatin wasiƙun maƙwabcinsa, wanda aka rataya wa tsohuwar rigar ruwa. Har ya kai ga ba shi shawara kan yadda ake horar da kwikwiyo.

"Lionel, da wa kake magana?"

Ya matsa kusa, ya shafa akwatin, ya ja da baya. "Gwada shi nake yi ko yana da ƙwari. Ina ruwanki?"

A ranar kuma ya ɗura wa rago ɗaya maganin tsutsa sau uku, sauran suna kallo. Ni da Noeline muka zaro takardar da ke cikin kwalin, muka shimfiɗa ta a tebur, faɗinta ya kai tsumman goge kwano. Muka sa tabarau muna karanta masa da ƙarfi: bushewar baki, ɗaurewar ciki, dushewar gani. Ya ƙwace ta ya cusa a murhu.

"Kun ga dattijon talabijin yana ɗaurewar ciki? Kun gan shi yana laluben hanya? Gudu yake yi a kan tudu!"

"Yaushe rabonka da fita atisaye da Jock?" na tambaye shi.

"Jock ya haddace. Fitona nake adanawa."

"Yi mana ɗaya mu ji."

"Ba na fito a cikin gida, rashin ɗa'a ne."

Shekara sittin na san shi yana fito a cikin gida, a coci, har a wurin jana'iza. Na ce ya kira likita, ya ce bayan gasa. Na je wajen Marama da kaina na roƙe ta ta janye, ta ce ita ba ta ƙi ba, shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Da na gaya masa, cewa ya yi, "Kin gani? Tsoro ya kama ta."

Ranar gasa rana ta fito da niyya. Ƙarfe goma ciyawar tudu har ƙamshin ƙuna take yi. Motoci sun jeru a gindin tudu, ana gasa naman sosej a bayan rumfa, ni kuma ina teburina kusa da alƙali da agogo da ƙararrawa. Noeline ta zo ta raɗa mini cewa da safe uku ya haɗiya.

"Uku?"

"Wai tumaki uku, ƙwaya uku."

Marama ce ta riga shi. Ta tura karyarta tudu, ta sauko da tumaki ukun, ta bi da su ta tsakanin katangun katako biyu, ta shigar da su ɗan shinge ta rufe ƙyaure. Tunkiya ɗaya ta ɗan kauce a hanya, alƙali ya ba ta casa'in da ɗaya cikin ɗari. Maki ne mai kyau, amma ba wanda ba a iya wucewa ba.

Sai ga Lionel. Ya sa sabuwar riga mai ruwan bula irin ta dattijon talabijin, fuskarsa ja wur kuma ko ɗigon gumi babu. Ya ɗaga wa jama'a hula, sai dai ɓangaren da ya ɗaga wa motoci ne kawai a wurin. Jock na gefensa yana rawar jiki. Aka saki tumaki uku can saman tudu, na danna agogo. Lionel ya wurga hannu, Jock ya tashi kamar an harba shi.

Da kare ya zagaya bayan tumaki, nan ne ake masa fiton tsayawa. Lionel ya cika ƙirji, ya tsuke leɓe, ya hura.

"Fff."

Ya lashi leɓe, harshen ya manne. Ya sake hurawa.

"Ffff."

Wani daga cikin jama'a ya ce, "Tayar wa ke sacewa?" Aka fara ƙyaƙyatawa. Lionel ya cusa yatsu biyu a baki ya hura har jijiyoyin wuya suka miƙe. Abin da ya fito ko kyanwar da ke kan cinyarka ba za ta waiwaya ba. Ya yi ƙoƙarin kiran sunan karen, muryar ta fito kamar ta agwagwa mai mura.

Marama, Allah ya saka mata, ta cire usur ɗinta daga wuya ta goge a riga ta jefa masa. Ya laluba ya ɗauka a ciyawa. Mutumin da ya shekara talatin yana zagin usur, ga shi ya cusa shi a baki. Bai san yadda ake ɗora shi a harshe ba, kuma babu yawun da zai sa ya zame. Ya manne a ganɗa. Ya yi ta kakari, ya zaro shi da yatsa, ya jefar.

Can saman tudu Jock ya tsaya, ya waiwayo, kunne a miƙe, yana jiran umarni. Ya jira. Da ya ji shiru sai ya kwantar da kai ya fuskanci tumakinsa. Jama'a, ni dai na shekara talatin da ɗaya a teburin nan, ban taɓa ganin saukowa irin wannan ba. Ɗoɗar ya kawo su, a natse, ba gudu ba tsayawa, kamar masu zuwa coci. Dariya ta mutu. Alƙali ya ajiye fensir yana kallo baki buɗe.

Lionel ba ya ganin komai sai farin abu uku dishi-dishi. Sai ya shiga wurga hannuwa hagu da dama don a ce shi ke ba da umarni. Jock ko kallonsa bai yi ba.

"Bar shi, e hoa," Marama ta ɗaga murya. "Kada ka dame shi, yana aiki."

Jock ya kawo tumakin gabansa, ya juya su, ya bi da su ta tsakanin katanga biyu ko gashi bai taɓa katako ba, Lionel na bin su a baya yana tuntuɓe. Suka isa shinge da sauran minti shida a agogona. Lionel ya laluba ya buɗe ƙyaure ya riƙe. Na leƙa takardar alƙali, abin da ba a yi, na ga bai cire ko maki biyu ba. Tunkiya ta farko ta sa kai a ƙofa. Ta biyu ta bi. Jock na kwance a bayansu yana matsowa taku ɗaya ɗaya. Babu abin da ya rage wa ɗan kawuna a duniyar nan sai ya tsaya shiru ya tura ƙyaure, kofi nasa, karensa nasa. Na riƙe ƙararrawa da hannu biyu ina addu'a.

Sai wani mara mutunci daga rumfar sosej ya ƙwala, "A ba karen kofi, a ba Lionel ƙashi!"

Wani ya ƙara, "Ashe shekara da shekaru fiton ne matsalar!"

Na ga wuyan Lionel ya sanƙare. Na ce a raina shi ke nan. Ya sa hannu a aljihu ya zaro rabin lemon tsamin da Noeline ta cusa masa da safe ko zai taimaka, ya gartsa masa cizo har ɓawo. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Yawu ya tsatso, ɗan kaɗan, daidai na fito guda.

"Lionel, kada ka yi!" Ni da ya kamata in yi shiru ni na yi ihun.

Ya yi. Fito ne na gaske, irin na kakan nasa, har dawakin hayin hanya suka ɗaga kai. Sai dai da yake ba ya ganin inda tumakin suke, fiton da ya zaɓa shi ne na "zagaya dama, ka yi nisa." Jock ya ɗago kai ya dube shi. Na rantse na ga karen nan yana tunani. Ya dubi tumakin da ke bakin ƙofa, ya sake duban ubangidansa. Sannan ya tashi ya zagaya dama, ya yi nisa, domin shi kare ne mai biyayya.

Tumakin suka ga hanya ta buɗe. Biyu suka juya suka yi tudu. Ta ukun ta rasa ta inda za ta bi, ta kutsa tsakanin ƙafafun Lionel, ta ɗauke shi a bayanta yana fuskantar wutsiya, ta yi taku huɗu da shi ta zubar a tsakiyar shinge. Ƙyauren da ya saki ya dawo da kansa, sakata ta faɗa ƙaras. Tumaki a tudu, kare a tudu, Lionel a rufe a shinge, zaune a cikin kashin tumakin mutum goma sha ɗaya da suka riga shi.

Alƙali ya juyo ya ce, "Beryl, buga kawai." Na buga.

Wasu har ƙasa suka kwanta don dariya. Wani ya ce ai an shigar da ɗaya, a ba shi makin wannan. Likita Fonoti, wadda ta zo kallo da iyalinta, ita ce ta buɗe masa. Ta taɓa goshinsa, ta sa aka kai shi inuwa aka yi ta kwara masa ruwa da bokiti, tana tambayarsa nawa ya sha. Da ya ɗaga yatsu uku, abin da ta faɗa da yarensu na Samoa ban ji ba, amma ba addu'a ba ce.

Da la'asar aka ba Marama kofi na bakwai. Mutane suka ƙi watsewa, kowa na jira. Lionel na zaune a kan damin ciyawa, jiƙe sharkaf, Jock ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa. Marama ta zo ta tsuguna a gabansa, ta sassauta murya, amma da yake wurin ya yi tsit kowa ya ji.

"E hoa, ni ba na raba mutum da karensa. Ka ce wasa kake yi, ka ce ka yi wauta da maganin nan, mu yi dariya, ka tafi gida da abinka."

Noeline ta dafa kafaɗarsa. Na ce, "Ɗan kawu, faɗi. Kalma uku ce." Hannunsa na kan kan Jock. Ya ɗaga ido ya dubi jama'a, ko da yake ban san me ya gani ba. Ya sha ruwa ya gyara murya.

"Maganin ba shi da laifi," ya ce. "Ko sau ɗaya fitsari bai dame ni ba. Lemon ne ya yi tsami da yawa. Kuma ni Tweedie ba na lashe amaina."

Ya miƙe ya je motarsa ya ɗauko sarƙa, ya ɗaura wa Jock da kansa, ya ɗora a hannun Marama. Ya gaya mata karen ba ya cin hanta, kuma yana tsoron tsawa, a bar shi ya shigo ɗaki in ana ruwa. Marama ta ce ta ji. Ba wanda ya yi dariya. Ta ɗora Jock a bayan a-kori-kurarta ta ja a hankali, karen na tsaye ya juyo yana kallon Lionel, kunne a miƙe, har suka sha kwanar gada.

Noeline ta zuba sauran ƙwayoyin a leda ta mayar kantin magani. Ranar Alhamis komai ya sake masa lokaci ɗaya, ciki da ido da baki. Na je kai musu ƙwai da safe, na shirya tsokana kala-kala tun daga gida. Na same shi a tsakar gida kusa da ɗan ɗakin karen, riƙe da kwanon nama yankakke. Bai gan ni ba. Ya tsuke leɓe ya yi fiton kira, ya fito tar, mai daɗi, ya haye tudu ya dawo. Ya tsaya yana kallon ƙofar gona.

Kaji ne kawai suka zo. Na ajiye ƙwan a kan taga na koma mota.